Kafin Ka Sayi Takalmin Gudu, Tambayi Ƙafarka

Duk wanda yake fita bayan sallar asuba a Maiduguri ya san akwai mutanen da suke riga masu Keke Napep hawa titi. Su ne masu motsa jiki. Za ka gan su a hanyar Bama ta wajen jami'a, da cikin GRA ƙarƙashin itatuwan dalbejiya, da kewayen filin wasa na El-Kanemi. Akwai ɗalibai da ma'aikata, akwai jami'an tsaro, akwai samarin da ke burin buga ƙwallo, akwai kuma dattawan da likita ya gaya musu cewa hawan jini da ciwon suga ba sa jin magani shi kaɗai sai an haɗa da tafiya. Baƙo zai ɗauki wannan ƙaramin abu. Mu da muka ga shekarun dokar hana fita, lokacin da leƙa ƙofar gida kafin rana ta fito yake da haɗari, mun san fita gudu da duku-duku ni'ima ce da ta cancanci godiya.

Abin da ya fi jan hankalina a jikin waɗannan bayin Allah shi ne ƙafafunsu. Wani da tsohon kambas, wani da silifas, wani da takalmin ƙwallo yana ƙwas-ƙwas a kan kwalta, wani kuma da sabon takalmi mai tudun soso da launin da ake hangowa daga nesa, ga agogo a hannu yana ƙara duk bayan kilomita. Idan aka yi wata biyu ko uku ka sake duba waɗanda suka rage a kan titi, ba lallai ka tarar da mai kayan tsada ba. Sau da yawa wanda ya fara da sayayya shi yake fara ajiyewa, domin ya sayi abin da ya burge idonsa, ƙafarsa kuwa ba a yi shawara da ita ba.

Abin mamaki shi ne mutumin Borno ba ya yin wannan sakaci wajen hula. Ka tsaya wurin mai sayar da Zanna Bukar ka gani. Mai saye zai faɗi lambar kansa, ya ɗora, ya karkata, ya cire, ya ce wannan ta matse, waccan ta yi sako-sako, a miƙo wata. Rabin inci kaɗai ya isa ya fasa ciniki, komai kyan zare da aikin allura. Ga shi hula zama kawai take yi a ka. Takalmi kuwa shi ne zai ɗauki jiki duka, kuma a cikin gudu ƙarfin da ke sauka a ƙafa a kowane taku yakan kai ninki 2 zuwa 3 na nauyin mutum. Mai farawa yana yin taku kusan 1,000 a kowace kilomita. Ke nan wanda ya yi kilomita 5 da takalmin da bai dace da shi ba, ya maimaita wa ƙafarsa cuta ɗaya sau dubbai kafin ya karya kumallo.

Gwajin takalmi ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. A je kasuwa da yamma, domin ƙafa tana ɗan kumbura bayan yinin zirga-zirga, kamar yadda take kumbura cikin gudu. A tafi da safar da za a riƙa sawa. A gwada ƙafa biyu duka, saboda yawancin mutane ƙafarsu ɗaya ta ɗan fi ɗaya girma, kuma babbar ake bi. A ɗaure igiya, a miƙe tsaye, a tabbatar akwai fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da bakin takalmi. Dunduniya ta zauna daram, kada ta riƙa fita tana komawa. A kula da faɗi ƙwarai, domin ƙafar da ta girma cikin silifas da takalmin fata buɗaɗɗe takan baje daga gaba, alhali takalman waje da yawa an yi su ne da tsukakken baki. Lamba ma ba abin dogaro ba ce ita kaɗai: 42 na wannan kamfani ba lallai ya zama 42 na wancan ba, kuma lambar Ingila daban take da ta Amurka. Abin da ya fi tabbas shi ne mutum ya taka takarda a gida, a zana ƙafarsa, a auna da santimita, ya ƙara kamar santimita 1, sannan ya duba awon santimita da ake bugawa a ƙarƙashin harshen takalmi.

Akwai wata magana da kusan kowa ya taɓa ji a bakin mai kaya: “Yallaɓai, ai sabo ne shi ya sa, ka sa shi kwana biyu zai saki.” Ba lallai ƙarya yake nufi ba, domin takalmin fata yakan saki da gaske. Amma takalmin gudu na raga da roba ba ya ƙara tsawo. Ƙafa ce za ta biya, da bororo a dunduniya da farcen da zai yi baƙi ya fita. Amsar da ta dace ita ce: “Alhaji, Allah ya amfana, a duba mini wanda ya ɗara wannan.” Idan babu, a haƙura a tafi wata rumfa.

Masana ma sun daɗe suna neman wata dabara da za ta fi wannan gwaji, amma ba su samu ba. An yi shekaru ana cewa sai an duba tafin ƙafar mutum, in shimfiɗaɗɗe ne a ba shi wani irin takalmi, in mai rami ne a ba shi wani. Rundunar sojan Amurka ta gwada haka a kan dubban sababbin sojoji, ƙarƙashin wani mai bincike Joseph Knapik: an bai wa wasu takalmi bisa siffar tafin ƙafarsu, wasu kuma aka ba su iri ɗaya ba tare da dubawa ba. Da aka ƙirga raunuka a ƙarshen horo, ba a ga wani bambancin kirki ba. A shekarar 2015 Benno Nigg na Jami'ar Calgary a Kanada, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin takalman wasanni, ya ba da shawarar cewa mai gudu ya zaɓi takalmin da ya fi jin daɗinsa a ƙafa daga cikin waɗanda ya gwada. Bayan duk na'urori da ɗakunan bincike, magana ta dawo inda Bahaushe ya ajiye ta: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bayan ƙafa, sai ƙasar da za a taka. Tallan da muke gani a waya an ɗauke shi ne a titunan da ba namu ba. Maiduguri garin rairayi ne. Ka sauka daga kwalta taku kaɗan ka shiga yashi. Bincike ya nuna gudu a kan yashi mai laushi yana cin ƙarfi kusan ninki 1.6 na gudu a kan ƙasa mai tauri, don haka mai bin lungunan Gwange ko Bulumkutu kada ya ga laifin kansa idan ya gaji kafin mai bin titin Damboa. Yashi yana son takalmi mai faɗin ƙasa wanda ba ya gocewa. Zafi yana son saman takalmi mai shan iska, amma raga mai manyan ƙofofi tana shigar da yashi, yashi da gumi kuma su ne suke haifar da bororo. Raga mai ƙananan idanu ta fi. Wanda yake ratsa fili sai ya tuna da tsidau da ƙarangiya, ya nemi ƙasan da ƙaya ba za ta huda ba. Takalmin ƙwallo na ciyawa ne, a kan kwalta gwiwa da ƙwauri yake ci. Kada a bar takalmi a bayan mota ko a tsakar gida cikin ranar Afrilu, domin zafi yana sakin gam yana lalata soso. Da damina, idan ya jiƙe, a cire shimfiɗar ciki a shanya shi a inuwa.

Gaskiyar da ba a cika faɗa ba ita ce yawancinmu a gwanjo muke saye, kuma babu abin kunya a ciki. Garin da babbar kasuwarsa ta Monday Market ta ƙone a ranar 26 ga Fabrairun 2023, sannan madatsar ruwan Alau ta ɓalle ta shafe unguwanni a ranar 10 ga Satumban 2024, ya san darajar kowace naira. Takalmin asali na gwanjo da bai sha wuya ba ya fi sabon jabu mai kyan ɗan maciji. Sai dai gwanjo yana da nasa tarko. Ran takalmin gudu yana cikin soson da ke tsakanin ƙafa da ƙasa, kuma wannan soso yakan mutu bayan kilomita 500 zuwa 800. Ga mai yin kilomita 5 sau uku a mako, wannan wata 8 ne zuwa shekara guda. Wanda ya sa takalmin a Turai yana iya cinye wannan tafiya duka, saman kuma ya kasance fes kamar ba a taɓa sawa ba. Saboda haka idan an fasa dila, kada a tsaya kallon sama. A ajiye takalmin a kan tebur a duba shi ta baya, in ya karkata gefe guda a bar shi. A danna soson da yatsa, in ya yi tauri ko ya cika da tamoji kamar an matse shi, ya gama aiki. A juya ƙasan a ga ko ya cinye ta gefe ɗaya, domin wannan tafiyar wani ce za ka gada. A cire shimfiɗar ciki a leƙa, a matsa bayan dunduniya a ji ko da sauran ƙarfinsa. Shumeka yana iya ɗinke yagewa ya manne ƙasa, amma ba ya iya mayar wa soso da rai.

To, ina labarin takalman nan masu tsada da ake cewa suna ƙara gudu? Ba tatsuniya ba ce. A 2017 kamfanin Nike ya fito da Vaporfly, mai sabon soso marar nauyi da wani siririn faranti mai tauri a ciki, kuma gwajin da aka yi a Jami'ar Colorado ya nuna yana rage ƙarfin da mai gudu ke kashewa da kusan kashi 4 cikin 100. Da irin wannan takalmi Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun famfalaki na kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a babban birnin Ostiriya, ranar 12 ga Oktoban 2019. Abin ya kai hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a Janairun 2020 cewa kaurin ƙasan takalmin tseren titi kada ya wuce milimita 40, faranti kuma kada ya wuce ɗaya. A Satumban 2023 Tigst Assefa ta Habasha ta kafa tarihi a Jamus da awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, sanye da takalmin Adidas mai nauyin giram 138, wanda aka sa wa kuɗi dala 500, aka kuma ƙera shi don tsere guda. A canjin naira 1,500 kan dala, wannan naira 750,000 ke nan, fiye da wata 10 na mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024.

Ga wanda daƙiƙa goma za ta raba shi da lambar zinare, wannan kuɗi jari ne. Ga mai yin kilomita 5 cikin minti 35 don lafiyar zuciyarsa, ko da ribar ta koma lokaci gaba ɗayanta, ba ta kai minti ɗaya da rabi ba. Kuma takalmi mai tudu haka, da aka yi domin shimfiɗaɗɗen titi, yana iya gurɗe idon sawu a cikin yashi da ramuka. Abu yana iya zama mafi kyau a duniya, ya kasance ba naka ba ne.

Babu wanda ya nuna wannan kamar Abebe Bikila, sojan da ke cikin masu gadin Sarkin Habasha Haile Selassie. Da ya je gasar Olamfik a birnin Rum a 1960, takalmin da ya samu bai zauna masa ba, yana yi masa bororo. Sai ya ajiye shi ya shiga gudun famfalaki ba takalmi, ranar 10 ga Satumba, ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ya zama baƙar fatar Afirka na farko da ya ci zinare a gasar. Mutane sukan tsaya a nan su ce ashe takalmi ba shi da amfani. Amma bayan shekara huɗu, a Tokiyo, ya sake lashe tseren sanye da takalmi, 'yan makonni bayan an yi masa tiyata a ciki, ya kuma rage lokacinsa zuwa awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11. Bikila bai ƙi takalmi ba. Wanda bai dace da ƙafarsa ba ya ƙi, ko da kuwa duniya duka tana kallo. Haka a 2017 wata mace 'yar ƙabilar Raramuri a Meziko, María Lorena Ramírez, ta ci tseren kilomita 50 da zanenta na gida da takalmin da aka yanka daga tayar mota, irin wanda makiyayanmu suka sani. Wannan ya isa amsa ga 'yar'uwar da take jin sai ta canza suturarta kafin ta motsa jiki. Hijabi marar nauyi da takalmi mai daɗi sun wadatar. Ba ina kira a fita ba takalmi ba ne. Titunanmu da ƙusa da fasassun kwalabe, kuma mai ciwon suga musamman bai kamata ya yi wasa da ƙafarsa ba, domin ƙaramin ciwo yana iya zame masa babba. Shi ne ya fi kowa bukatar takalmi mai fili da duba ƙafa bayan kowace fita.

Sai agogo. Yana da kyau mai saye ya san abin da yake biya wa kuɗi. GPS, wanda agogo yake auna nisa da shi, tsari ne na sojan Amurka. An harba tauraron ɗan'adam na farko na wannan tsari a 1978, tsarin kuma ya kammala da taurari 24 a 1995. Suna yawo a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelanta inda yake da ƙarfe nawa ne a wurinsa. Na'urar da ke hannunka saurare kawai take yi. Idan ta ji aƙalla taurari huɗu, sai ta lissafa jinkirin isowar saƙon kowanne, daga nan ta gane inda kake tsaye. Saƙon yana tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana iya kauce wa wuri da mita 300. Har zuwa Mayun 2000 Amurka tana dagula saƙon da gangan ga farar hula. Bayan ta daina, kamfanin Garmin ya fito da Forerunner na masu gudu a 2003. Yau agoguna da yawa suna haɗawa da taurarin Rasha da na Tarayyar Turai da na Sin. GPS ba ya bukatar layin waya ko data. Ko a 2013, lokacin da aka katse layukan waya a Borno ƙarƙashin dokar ta-ɓaci, taurarin nan suna bisa kanmu suna aikinsu. Maiduguri kuma ta dace da shi, domin gari ne shimfiɗaɗɗe marar dogayen benaye da yawa, sai dai ƙarƙashin itatuwa masu duhu awon yakan ɗan goce.

Mai son saye ya yi wa agogon tambaya uku. Ta farko, shin da GPS a cikinsa da gaske? Masu araha da yawa lilon hannu kawai suke ƙirgawa su ƙiyasta nisa, wasu kuma aron na waya suke yi. A raba shi da waya, a fita fili, a ga ko zai nemi taurari ya auna tafiya shi kaɗai. A kuma kifa shi a kan tebur a ce ya auna bugun zuciya. In ya ba tebur lamba, an san irin kayan da ake ciniki. Ta biyu, batir. Kwanakin da aka rubuta a kwali na zaman jira ne. Abin tambaya shi ne awa nawa yake yi idan GPS yana kunne. Mutanen garin da aka karya wa turakun wutar hanyar Damaturu a Janairun 2021, suka yi watanni masu yawa cikin duhu kafin a buɗe tashar gas mai megawat 50 a Maris ɗin 2023, ba sa bukatar a yi musu bayanin muhimmancin caji. A kuma tambaya ko ana samun wayar cajinsa a gari idan ta ɓace, domin da yawa tasu ta daban ce. Ta uku, shin ana iya karanta fuskarsa cikin hasken rana, ana iya sarrafa shi da yatsa mai gumi? Bayan wannan duka, a tuna cewa wayar da ke aljihu tana yin wannan aiki da manhajar kyauta, kuma ƙaramin agogon roba da hanyar da aka san tsawonta, ko zagayen filin wasa na mita 400, sun horar da zakaru tun kafin a harba tauraro ko ɗaya.

Akwai kuma abin da agogo ba ya gani. Bai ji zafin da ya hana ka barci jiya ba, bai san kana azumi ba, bai san makon jiya ka tashi daga zazzaɓin cizon sauro ba. A watannin Maris zuwa Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, kuma cikin zafi zuciya tana ƙara bugu ko da saurin bai canza ba. Wanda ya nace sai ya maimaita a bazara lambar da ya yi da hunturu, jikinsa yake zalunta. Koren hasken da ke bayan agogo yana ƙiyasta bugun zuciya ne daga gudanar jini a fata, yakan ruɗe idan maɗaurin ya yi sako-sako, kuma ba ya maye gurbin awon asibiti. Ma'aunin da ya fi sauƙi yana bakinka: idan kana iya yin magana da abokin tafiya kana gudu, saurin ya yi daidai, idan numfashi ya hana ka haɗa jimla, ka sassauta. Jiri, ko ciwon ƙirji, ko duhun gani, umarnin tsayawa ne nan take, komai abin da agogo ya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, wato tafiya mai ɗan sauri ta minti 30 sau biyar. Yawancin ciwon gwiwa da ƙwauri na masu farawa daga gaggawa yake zuwa, mutum ya ɗora wa jiki a mako guda abin da ya kamata ya ɗauka a wata uku. Sannu ba ta hana zuwa. Mai hawan jini ko wanda shekaru suka fara ja kuwa, ya ga likita kafin ya ga mai takalmi.

Wani abin da ya shafe mu fiye da mutanen wasu garuruwa shi ne sirri. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa taswirar da manhajar Strava ta wallafa ta hanyoyin masu motsa jiki tana nuna sansanonin soja a Siriya da Iraƙi da Afganistan, saboda sojoji suna zagaye su da agogo a hannu. Agogon ba ya kai rahoton kowa. Abin da muka ɗora a intanet da hannunmu shi yake tona mu. Hoton taswirar gudun da aka sa a Facebook ko a matsayin WhatsApp yana nuna ƙofar gidan mutum, da lokacin fitarsa, da hanyar da yake bi kullum, da sa'ar da iyalinsa suke su kaɗai. Jami'in tsaro, da ma'aikacin agaji, da ɗan kasuwa, da mace mai fita da sassafe, su yi tunani a kan wannan. A rufe shafin ga baƙi, a fara awo bayan an yi nisa da gida, a riƙa sauya hanya. Ya kuma kamata mutum ya tambayi zuciyarsa dalilin wallafawar. Ƙarfafa wa abokai gwiwa abu ne mai kyau. Amma idan ya kai ga ranar da batir ya mutu mutum ya ji fitarsa ta tashi a banza, to niyya ta fara karkata daga lafiya zuwa idon jama'a.

A nan abin luran yake. Kowane abu yana da matsayinsa: niyya ce gaba, sai jiki, sai takalmi, agogo ne ƙarshe. Wanda ya bi wannan jeri yakan ɗore ko da kayansa na gwanjo ne. Wanda ya juya shi yakan tsaya, ya bar kaya a ƙarƙashin gado da bashi a wuya. Kuma ba a gudu kaɗai muke juya shi ba. Muna haɗa lefe da ma'aunin gidan maƙwabci. Muna riƙe wayar da ta fi ƙarfin albashinmu. Muna kai yaro makarantar da sunanta ya fi daɗin faɗa a taro, ba tare da duba ko yaron yana ganewa ba. Muna kama hayar da ke cinye rabin abin da muke samu. A kowane ɗaya akwai muryar da ke cewa a daure, zai saki. Wata yana bin wata ba ya saki, mu ne muke ƙanƙancewa a ciki, muna murmushi a waje muna ɗingishi a gida. Idon da muke yi dominsa kuwa ba ya taya mu biya.

Wannan gari ya ga abin da ya isa ya gyara mana lissafi. A 2014 da farkon 2015, da Gwoza da Bama da Baga suka faɗa hannun 'yan ta'adda, dubban mutane sun shigo Maiduguri da ƙafa, tsofaffi da mata masu goyo, wasu da silifas, wasu ya tsinke musu a daji suka ƙarasa haka nan. Babu wanda ya tambaye su sunan kamfanin takalminsu. Ƙafar da Allah ya ba su ita ta kawo su. Wanda ya san wannan tarihi bai kamata ya raina ƙafarsa saboda ba ta cikin kayan tsada ba, bai kuma kamata ya azabtar da ita don burge wani ba. Amana ce, haƙƙinta shi ne a yi amfani da ita, a kuma sa mata abin da ya dace da ita.

Saboda haka, ɗan'uwa da 'yar'uwa, kada rashin kaya ya zaunar da ku. A fara da tafiya da abin da ake da shi, muddin ba ya ciwo. Idan an yi makonni an ga fitar ta zauna, a tara kuɗi a sayi takalmi guda da aka gwada da haƙuri, a saba da shi a gajerun fita kafin doguwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Agogo ya jira sai an san tambayar da ake so ya amsa. Wanda Allah ya hore masa, ya sayi mai kyau ya ji daɗinsa, ya kuma tuna da yaron unguwa mai gudu da silifas, domin takalmin da ya yi masa kaɗan yana iya zama daidai ƙafar wani. Allah ya ƙara mana lafiya, ya dawwamar da zaman lafiya a Borno da ƙasa baki ɗaya, ya ba mu wadatar zuci da sanin gwargwadon kanmu.